Komisiyoyin majalisa: cin perdiyem ne ko rashin ma'aikata?

Ɗan Birni: Salamu alaikum jama'a. Jiya a fada mun yi ta gardama har shayi na uku ya huce ba mu gama ba, na ce bari in kawo ta nan. Ni dai maganata guda ce, komisiyoyin majalisar dokokin Nijar da muka yi kafin a rusa ta a 2023 ba abin da suka iya sai cin perdiyem, wato kuɗin zama da na tafiya, da yawon misiyo, da an yanke kuɗinsu rabi wallahi ba wanda zai lura. Kujera 171 fa, amma har gobe a Damagaram sai an bi layin ruwa da bido.

Baba mai ritaya: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kama maciji ta wutsiya. Ni na yi aikin lissafi shekara da shekaru, bari in gaya maka yadda abin yake. Lokacin da take nan, majalisa ita ke tsara bidjenta, kuma akwai depitocin da ake kira kester su ke riƙe da jakar, amma kuɗin daga Tirezo, baitulmalin gwamnati, suke fitowa, Tirezo kuma a hannun ministan kuɗi yake, wato wanda komisiyon kuɗi ya kamata ta tsare da tambaya shi ne ke da makullin rumbun da take ci. To ka gani? Kuma a watan Oktoba in an kawo kasafin shekara, littafi ne ƙato da ƙari a bayansa, gwamnati ta tara ƙwararru sun yi watanni suna haɗa shi, sai a miƙa wa depite wanda wataƙila babban ɗan kasuwa ne mai mutunci a garinsu amma bai taɓa karanta tablo ba, a ce ya duba cikin 'yan makonni. Wa zai karanta masa?

Ɗan Birni: Baba da girmanka, in bai iya ba me ya kai shi takara

Malama ta Zengu: Ƙanena kar ka ce haka, talaka ba akanta ya zaɓa ba, wanda ya san ciwonsa ya zaɓa. Ko a Amurka da ake ta misali da ita 'yan majalisa ba su ke lissafin da kansu ba, tun 1946 doka ta ba komisiyoyinsu ƙwararrun ma'aikata na dindindin, a 1974 kuma suka kafa ofishin kasafi nasu na kansu don kar su dogara da alƙaluman fadar shugaban ƙasa. Har 'yan adawa ana ware masu kasonsu na ma'aikata, wajen kashi ɗaya cikin uku.

Mai kabu-kabu: Hhhh Malama Amurka kuma? mu da ko isansi sai an yi addu'a. Ni ina bayan Ɗan Birni, in aka ce a ɗauki ma'aikata wallahi ɗan wa da ƙanin mata za a cika biro da su, a ƙara mana nauyi kawai

Baba mai ritaya: Nan kam ka faɗi gaskiya yaro, ba zan musa ba. Shi ya sa ni ba cewa nake a ƙara kuɗi ba, cewa nake a sauya inda suke zuwa. Kuɗin mota da na zama a rage, a ɗauki masana doka da lissafi ta hanyar konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, su zauna ko an sake majalisa. Mahamane Ousmane namu ya shugabanci majalisa daga 1999 har Tandja ya rusa ta a 2009, bayansa an yi Hama Amadou, Amadou Salifou, Ousseini Tinni, Seini Oumarou, kowane zubi sabbin fuskoki ne ke shigowa, in ba ma'aikacin da ya san tsohon dosiye to kullum daga alif ake farawa. Ku ɗauki matatar mai da ke nan kusa da mu, tun 2011 take aiki, in komisiyo za ta zo daga Yamai wajen kilomita 900 ta duba, mai amfanin ba hoton da za a ɗauka da hular kwano ba ne, mutum ɗaya ne da zai iya zama da takardun ya gane abin da ke ciki.

Malama ta Zengu: Kuma in ma'aikatar da za a bincika ita ta zuba man motar ta biya otel, ai bakin da ya ci shi ke godiya. Maƙwabtanmu na Najeriya sun daɗe suna wannan kukan a kan kwamitocinsu.

Ɗan Birni: To na ji na konkur ɗin, amma perdiyem ina nan a kan bakata. Kuma Baba ba ka ba ni amsar ruwa ba, komisiyon raya karkara shekara nawa ta yi tana nan?

Baba mai ritaya: An kira la'asar, in na dawo.

Mai kabu-kabu: Baba ya gudu hhhh, Ɗan Birni yau kai ke sayen sukari