Girgizar hannu cikin gilashin VR: shawarwarin da aka tara a Agege

A zaman da matasa masu harkar kwamfuta suka yi a Agege, tambaya ɗaya ce ta cinye lokaci: in mutum ya sa gilashin VR, wato wanda ke nuna masa wata duniya ta kwamfuta kamar yana cikinta, girgizar da abin riƙewa ke yi a tafin hannu tana ƙara sauri ne ko daidaito?

Yawancinsu sun ce daidaito ne. A can ciki ido na yaudara. Mutum zai miƙa hannu ya danna maɓalli, hannun ya zarce, domin babu abin da ya tare shi. 'Yar gajeriyar girgiza ce ke shaida masa ya taɓa. Amma sai ta zo daidai lokacin taɓawar. In ta makara, rikita mutum take yi, gara babu ita. Nan na fi yarda da su.

Sauri kuwa ya fi rataya ga girman maɓalli da nisansa, ƙa'idar da masanin halayyar ɗan Adam Paul Fitts ya bayyana a 1954. A fara faɗaɗa maɓallin tukuna.

Wani mai gyaran waya a Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta da ke Ikeja, ya ce a ajiye tebur na gaske daidai inda na cikin gilashin yake, hannu ya samu madogara. Kuma kada a sa girgiza a kowane motsi: hannu na sabawa, batir na saurin ƙarewa, ga halin wutar Legas.