Taron wata-wata na ƙungiyarmu ta masu fito yana neman mutuwa, wa za mu riƙa gayyatowa?

Sakataren kwata:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren ƙungiyar masu jiragen fito a wata kwata da ke bakin tafkin Kainji, ɓangaren jihar Kebbi. Mun kafa ta ne bayan haɗarin Warrah na watan Mayun 2021, lokacin da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, 'yan kaɗan suka tsira. A wancan lokaci jikin kowa ya yi sanyi, sai muka yi alkawarin duk Asabar ɗin farko ta wata za mu zauna bayan la'asar, mu kira wani masani ya yi mana bayani a kan sana'armu.

Da fari rumfa ba ta ɗaukarmu. Yanzu kuwa, cikin mutum sama da 60 da ke rajista, in 15 suka zo sai mu ce taro ya yi albarka. Baƙin ma sun taimaka wajen korar jama'a. Akwai wani jami'i da ya zo ya yi ta karanto takarda da Turanci har aka kira magariba, tafinta na ta gumi, ya rufe da barazanar tara, sannan muka ba shi kuɗin mai. Wani kuma yaron ɗan siyasa ne, ya yi alkawarin rigunan kariya, har yau ko hula ba mu gani ba. Ma'aji ya ce asusu ba zai ci gaba da ɗaukar lemo da kuɗin mota ba.

Kanmu ya rabu. Wasu sun ce a daina kiran baƙi, wasu sun ce a sa tara ga duk wanda bai zo ba, matasa kuma sun ce a riƙa tura saƙon murya a WhatsApp a huta. Waɗanda suka taɓa riƙe ƙungiya, don Allah ku ba ni shawara: wane irin baƙo ne ke tara mutane, kuma tarar nan tana aiki?

Tsohon direban jirgi, Yauri:
Wa alaikumus salam. Yaro, kafin ka zargi baƙi, duba lokacin da kuka sa. Bayan la'asar ai lodin ƙarshe ke nan. 'Yan kasuwa na son komawa tsallake kafin duhu, doka kuma ta hana tafiyar dare. Kana so mutum ya bar fasinja a bakin ruwa ya zo ya zauna a tabarma? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba wanda zai yi maka wannan, domin lodin nan ne ke fitar masa da kuɗin fetur ɗin gobe. Ku mai da taron washegarin kasuwarku, da hantsi, lokacin da jirage ke ɗaure ana kwalfe ruwa.

Sannan baƙon farko yana cikinku, ba ku gan shi ba ne don ba ya zuwa da mota. Ruwan nan da kuke bi, kafin a gama dam ɗin Kainji a 1968 gonaki ne da ƙauyuka da kurmi. An tashi mutum fiye da 40,000, tsohuwar Bussa ma tana ƙasan ruwa. Itatuwan da ruwa ya ci ba duka suka ruɓe ba, kututturansu na nan tsaye, su ne ke farke cikin jirgi idan ruwa ya ja baya daga ƙarshen rani zuwa farkon damina. Akwai dattawa Gungawa da Sarkawa da suka yi kiwo da kamun kifi a wuraren nan tun suna yara. Sun san inda tsohon kogi ya bi, sun san inda aka yi tsamiya da inda dutse yake. Sun fara ƙarewa. Ku je ku gaida Sarkin Ruwa, ku roƙe shi ya haɗa ku da biyu ko uku daga cikinsu. Kada ku zaunar da su a rumfa su yi jawabi, ba su saba ba, za su yi ta gaisuwa ne har lokaci ya ƙare. Ku sa su a jirgi tare da yaranku, a fita, su nuna da hannu, ku kuma kuna ɗaura farar jarka a kan kowane kututture. Wannan fita ɗaya ta fi takarda goma.

Ma'aikaciyar jinya:
Malam Sakatare, sannu da ƙoƙari. Ni roƙona ku ware wata guda don abin da ake yi wa mutum bayan an tsamo shi. Har gobe ana kifa mutum ana danna masa ciki wai a fitar da ruwa, ko a ɗaga ƙafafunsa sama. Lokaci kawai ake ɓatawa, wani kuma amai ya toshe masa hanyar numfashi. Abin da ake so, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a hura masa iska ta baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba haka har taimako ya zo. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi, kuma ko ya ce ya warke a kai shi asibiti. Wannan ba a koyonsa da kunne, sai kowa ya durƙusa ya gwada. Ku tuntuɓi reshen Red Cross na jiharku ko babban asibitin da ya fi kusa da ku.

Wata na biyu kuma a yi maganar tsargiya. Mutanen bakin ruwa da yawa na ganin jini a fitsari su ɗauka ba komai, alhali cuta ce da ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune, kuma tana da magani.

Ku kuma gayyaci mata masu sayar da kifi da 'yan kasuwar da ke shiga jiragenku. Su ne ke ƙin sa riga su ce ta yi datti ko wani ya sa. In sun ji da kunnensu, direba ya huta da gardama.

Makaniken injin jirgi:
Oga Sakatare, ni dai na san abin da ke tara direbobi: a kwance inji a gabansu. Ku samu makanike ya zo da Yamaha mai doki 40, ya buɗe kafireta ya nuna dattin da man bumburutu ke tarawa, ya nuna yadda ake karanta launin fulogi, da dalilin da ya sa in inji ya daina fitar da ɗan ruwan nan na baya dole a kashe shi nan take kafin ya ƙone. Da yawa suna haɗa baƙin mai da fetur da ka, yau ya yi yawa gobe ya yi kaɗan. Inji ya mutu a tsakiyar tafki hadari na tasowa, ai ka san sauran. Ba sai kun biya makanike ba, kwastoma zai samu.

Ma'aikacin gwamnati mai ritaya, Birnin Kebbi:
Na yarda da Baba a kan lokaci, amma ban yarda a juya wa hukuma baya don mutum ɗaya ya gundure ku ba. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke da ikon rajistar jirage da dokokin hanyoyin ruwa na cikin gida. Ko kun gayyace su ko ba ku gayyace su ba, za ku haɗu da su, gara ku haɗu a rumfarku da ku haɗu ranar da aka kama jirgi. Akwai kuma hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna. Kebbi na cikin jihohinta, kuma ta taɓa raba rigunan kariya da aikin cire itatuwa a hanyoyin ruwa. Cibiyar binciken kifi ta New Bussa tana da masana kan kainuwa da sauran ciyayin da ke naɗe farfela.

Matsalar ita ce yadda kuke gayyata. Kada ku ce wa mutum "zo ka yi mana jawabi". Ku rubuta wasiƙa da sunan ƙungiya zuwa ga shugaban ofishi, ku sa tambayoyi uku da 'yan ƙungiya suka zaɓa da kansu, misali nawa ne kuɗin rajista kuma wace takarda ake ba mutum, wa ke ƙayyade yawan fasinjan kowane jirgi, wa za a kira in an yi haɗari. Ku rubuta ƙarara cewa da Hausa za a yi, minti 20 ne, sauran lokaci na tambayoyi. Ku ƙara da cewa ƙungiya ba ta da halin biyan kuɗin mota. Wanda aikinsa ne zai zo. Wanda bai zo ba, kun tsira da kuɗinku.

Yaron jirgi:
Iyayenmu ku yi haƙuri, zan faɗi abin da ba a faɗa. Waɗanda ke zuwa taron nan masu jirage ne, mu ne ke kan ruwa. Baƙo ya zo ya ce kar a yi lodi fiye da kima, maigida ya gyaɗa kai, da yamma ya ce ina balas ɗinsa, kuma bai rage ko sisi ba alhali mai ya ninka. Ta ina zan cike in ban ƙara buhu da mutum ba? In kuka sa tara, daga aljihunmu za ta fita. Ku sa maganar balas a taro ɗaya kawai, ku ga ko rumfa ba za ta cika ba.

Tsohon direban jirgi, Yauri:
Yaron nan bai yi ƙarya ba. Sakatare, rubuta wannan a sama.

Ɗan Yauri mazaunin Ingila:
Yaya Sakatare, a nan ƙungiyoyin masu jiragen shaƙatawa sun fi yin irin wannan zama da hunturu, lokacin da aka fitar da jirage daga ruwa ba abin yi. Ba na cewa ku kwaikwaye su, su nishaɗi suke yi, ku abinci kuke nema. Amma abu biyu sun burge ni. Suna fitar da jerin baƙi na watanni da yawa tun da wuri, kowa ya san ranar da za a yi abin da ya dame shi. Sannan yawancin masu magana 'yan ƙungiya ne ko 'yan sa-kai na RNLI, ƙungiyar ceto a teku da ke aiki tun 1824 da gudummawar jama'a. Abin da suke yawan nanatawa shi ne in ka faɗa ruwa kada ka yi ta kokawa, ka kwanta ta baya ka buɗe hannu har numfashinka ya daidaita. Wannan ko fasinja za a iya koya wa a bakin kwata.

Mai fito daga Gaya, Nijar:
Ruwan da ya wuce mu ku yake nufa. Bayan na damina mai laka, akwai wanda ke tasowa daga duwatsun Gini ya ratso Mali, sai cikin sanyi yake iso mana. Ku karɓi lambar wani daga kwatarmu, a kira shi a waya ranar taro a sa a lasifika, ya faɗa muku yadda ruwa yake da abin da ya kwaso. Baƙo ne da ba ya shan lemo.

Malamin Islamiyya:
Allah Ya saka da alheri. Ku lura da ranakun da aka fi yin asara. A Bagwai ta jihar Kano, a Nuwamban 2021, ɗaliban Islamiyya ne za su Maulidi. A Patigi ta jihar Kwara, a Yunin 2023, daga ɗaurin aure aka fito, mutum sama da 100 suka rasu. Irin waɗannan ranaku ne mai fito ke jin nauyin ya ce wa malami ko uban ango jirgi ya cika. Don haka taron da ya gabaci Maulidi da na gabanin Sallah, mu za ku kira, limamai da shugabannin makarantu da masu unguwa, ba don mu yi muku wa'azi ba, don a yi yarjejeniya a gaban kowa cewa in direba ya ce ya isa, ya isa, a yi sawu biyu. Maganar tara kuwa, ni ban ga alherinta ba. Wanda aka ci tara sau ɗaya, ƙungiyar zai bari gaba ɗaya.

Sakataren kwata:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa shugaba duka. Ya amince a mai da taro washegarin kasuwa da hantsi, an jingine tara, kuma za mu fara da fitar nan ta dattawa tunda ruwa ya soma ja. Maganar balas ce ya yi shiru a kai, shi ma yana da jirage uku. Baba, man da za a ƙona a fitar, daga asusu za a cire ko karo-karo za a yi? Ma'aji ya riga ya ɓata rai.

Tsohon direban jirgi, Yauri:
Kada ka taɓa asusu. Kowane mai jirgi ya kawo lita ɗaya da tsohuwar jarka da igiya, shugaba ya ba da jirgi tunda uku gare shi. Ku tashi da sassafe kafin iska ta motsa, kuma dattawan nan a sa musu riga kafin su taka jirgi, ko sun ce a ruwa aka haife su. Balas kuwa, kada kai ka tayar. Bari sai an dawo daga fitar an zauna, ka ba yaron nan dama ya faɗa da bakinsa a gaban Sarkin Ruwa.

Yaron jirgi:
Zan faɗa, Baba. Amma in maigida ya karɓe makullin inji, wajenka zan zo neman aiki.