Musayar waƙa: Kwarin Donga daga Agege

Ɗan Gembu:
Salam jama'a, zafin Legas ya tuno min gida, ga nawa.

Ka hau tudu daga Mayo Selbe da safe,
Hazo ya lulluɓe ka har Nguroje,
Kwarin Donga na can ƙasa a kwance,
Kiran ladan da ƙararrawar coci kana jin su a haɗe.

Bakanon Mile 12:
In dai ƙasarku tana da daɗi,
Me ya kawo ka Agege gadi?
Ka bar mu da zancen hazo da shanu,
Mu a Kano kasuwa ce a hannu.

Ɗan Gembu:
Ganyen shayin da ka sha da safe,
A Kakara mata suka tsinke,
Dalarku in ta ga Chappal Waddi,
Durƙusawa za ta yi, ranka ya daɗe!

Hajiyar Idi-Araba:
Kai! Ɗan Gembu ya gama da shi wallahi, mita 2,419 fa, duk Najeriya babu dutsen da ya kai shi, Bakano sai haƙuri.

Malam Obalende:
Hajiya ki rage son kai. Ɗango na huɗu a baitin farko ya karye, ya yi wa 'yan'uwansa tsawo, kuma fe da je da ce ba amsa-amo ba ne, harafi ɗaya ake riƙewa har ƙarshe. Na Bakano ne ya zauna a kan kari.

Hajiyar Idi-Araba:
Malam yaro na kewar uwarsa kai kana ƙirga gaɓa? Aruli, ilimin auna waƙa, ai na Larabawa ne.

Malam Obalende:
Malamanmu na jihadi da shi suka auna waƙoƙinsu na Hausa da Fulatanci, ki tambaya.

Bakanon Mile 12:
Faɗa mata Malam!

Jikar Mambila:
Yanzu na samu data, ku bar ni in sa baki.

A 1961 muka kaɗa ƙuri'a,
Muka bi Sardauna zuwa Najeriya,
Mambila da Fulani, Kirista da Musulmi,
Wutar da aka ce za a ba mu, har yau muna jira.

Ɗan Gembu:
Allah ya biya ki 'yar'uwa, wannan maganar dam ɗin wutar lantarki na Mambila tun muna yara ake yin ta, ga ruwa na zuba a banza ga hanya ta lalace.

Malam Obalende:
Magana ta yi, amma ɗango na uku ya fita daga amsa-amo.

Hajiyar Idi-Araba:
To Malam kawo naka baitin mu auna, muna nan.