Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba tayar "run-flat"?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata irin taya da ake sa wa motoci da yawa yanzu, wadda Turawa ke ce wa "run-flat". Mai fassara yana rubuta abin da ya zo masa a rai, mai sayar da taya yana faɗin nasa, direba kuma ya ɗauka yadda kunnensa ya ji. Ina so mu tsaya a kan suna ɗaya. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba, domin suna marar kyau zai iya sa mutum ya taka totur a daidai inda ya kamata ya sassauta.

Mu fara sanin abin kafin mu raɗa masa suna. A tayar da muka saba da ita, iska ce ke ɗauke da nauyin mota, roba riƙe iskar kawai take yi. Da zarar iska ta fita, gefen tayar ya kwanta, rim ya hau kansa ya yanka shi. Ita kuwa wannan, an ƙara wa gefenta kauri da roba mai tauri mai jure zafi, an kuma gyara bakinta yadda ba zai zame daga rim ba. Ko iska ta fita duka, gefen nan zai tallafe motar. Amma na ɗan lokaci ne. Abin da yawancin kamfanoni ke faɗa shi ne tafiyar kusan kilomita 80, a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. In mota ta cika da mutane da kaya, ko hanya ta yi zafi, nisan yana raguwa. Dalili kuwa, a kowane juyi gefen yana lanƙwashewa yana miƙewa, zafi yana taruwa a cikin robar, tana ci daga ciki inda ido ba ya gani. Shi ya sa kamfanoni da dama ba su yarda a yi mata faci ba bayan an tuƙa ta babu iska. Canzawa ake yi.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin taya na Dunlop ya fito da irinta mai suna Denovo a Ingila tun 1973. Motar Chevrolet Corvette ta 1997 ta fito da irin wannan taya ba tare da safaya ba, daga baya BMW ya sa ta a yawancin motocinsa, ta nan ta yaɗu sosai.

To, ga sunayen da aka kawo.

Wani ɗan'uwa ya ce a kira ta "taya marar faci". Malam, ka yi haƙuri, wannan shi ne sunan da na fi jin tsoro. Tana faci ƙwarai. Ƙusa tana huda ta kamar kowace taya, iska tana fita, rami yana tsaga ta. Wanda aka sayar wa "marar faci" zai ga fitilar gargaɗi ta kama a gabansa, ya ce ai na'ura ce ta rikice, ya ci gaba da gudunsa da iyalinsa a baya. Kuma in ana neman wadda ta kusanci wannan suna, wata taya ce daban: mai wani abu mai danƙo a cikinta da ke toshe ƙaramin huji nan take, irin ContiSeal ta kamfanin Continental. Waccan "taya mai liƙe kanta" ce, kuma ita in iskarta ta fita, kwanciya take yi. Kada mu haɗa su a suna ɗaya.

An kawo "taya mai gudu ba iska". Ya fi na farko gaskiya, amma "gudu" ya ɓata shi. Bahaushe in ya ji mota tana gudu, sauri yake ji, alhali saurin shi ne abin da aka hana. In aka ce "mai tafiya ba iska", to an gyara rabi. Sauran rabin shi ne bai faɗi iyaka ba. Tafiya har ina?

"Kai-ni-gida" ya yi daɗi a baki, na san da yawa sun so shi, ni ma ya burge ni da farko. Sai dai alkawari ne da tayar ba ta ɗauka ba. Gida zai iya kasancewa kilomita 300 daga inda ƙusa ta same ka. Haka "jimrau": kalma ce mai kyau, ginin Hausa ne tsantsa, amma yabo ce, kuma kowace taya mai ƙarko za ta iya cewa ita ma sunanta ne.

Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar taya ya ce "mai haƙarƙari", saboda ƙarfin gefenta. Baba, wannan suna ya nuna an san abin da hannu, kuma a bakin masu gyara zai yi amfani. Matsalarsa ɗaya: ba duka irin wannan taya ce ke dogara da gefe ba. Akwai wadda ake ɗaura wani zobe mai ƙarfi a jikin rim daga ciki, in iska ta fita sai tayar ta zauna a kan zoben. Haka tsarin PAX na kamfanin Michelin yake, wanda bai karɓu ba saboda sai da rim na musamman da injin cirewa na musamman, kuma irin wannan zobe ne ake sa wa motoci masu sulke. Muna son suna da zai rufe duka biyun, sannan "mai haƙarƙari" da "mai zobe" su zama rassansa.

Akwai masu cewa a ari kalmar kawai, a ce "ranfilat". Aro ba abin kunya ba ne. Taya kanta aro ce, haka birki da sitiyari da jak, kuma duk sun zauna daram. Amma waɗannan abubuwa ne da ido ke ganin aikinsu. Ita wannan taya, da ido ba ka bambanta ta da sauran, ko tana da iska ko babu. In sunan ma bai gaya wa direba komai ba, me zai gaya masa?

Ni abin da nake ba da shawara shi ne "a-lallaɓa". Tayar a-lallaɓa, tayoyin a-lallaɓa.

Ban ƙirƙiri komai ba, daga bakin direbobi da makanikai na ɗauko. In mota ta sami matsala amma ba ta mutu ba, me makanike ke cewa a waya? Lallaɓa ta ka kawo. A cikin wannan kalma ɗaya akwai duk abin da muke nema: abu ya sami rauni, bai tsaya ba, a hankali za a bi da shi, kuma wurin gyara aka nufa, ba ci gaba da tafiya ba. Babu wanda zai ji "lallaɓa" ya taka wuta. Ginin kuma Hausa ta san shi, irin na a-kori-kura da a-ci-balbal, inda jimla ke komawa suna. A rubutu, in za a fara ambata, sai a ce "tayar a-lallaɓa, wato mai tafiya ba iska", daga nan a ci gaba da gajeren.

Na san abin da mai sayarwa zai ce: suna ne da ba ya talla, kamar ana rage wa kayan daraja. Ban yarda ba. Taya da za ta ɗauke mace da 'ya'yanta daga tsakiyar babbar hanya cikin dare ta kai su inda mutane suke, ba tare da ta durƙusa a gefen titi da jak ba, babbar daraja ce. A faɗi wannan yadda yake, ya isa talla. Ƙarin da ba gaskiya ba shi ne ke jawo asara.

Wannan magana ba ta rabuwa da batun safaya, domin saboda irin wannan taya da wasu dalilai ne aka fara cire ta daga but. Safaya da jak da sifana suna da nauyi, kamfanoni kuma suna neman rage shan mai da samun wuri. A motocin lantarki, batir ya cinye ƙasan motar, Tesla ma ba ya sa safaya. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta ce kashi 28 cikin 100 na samfurin motocin 2017 ba sa zuwa da ita. Abin da ke damuna shi ne mota tana canza hannu. Mai ita na biyu ya ga a-lallaɓa ta fi tsada, ta kuma fi bugun ƙashi a hanya saboda taurin gefenta, sai ya canza zuwa taya ta yau da kullum. Ba laifi. Amma ya manta motar ba ta da safaya, ba ta da jak. Ranar da faci ya zo, ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Wasu motocin kuma kwalbar ruwan liƙi da ɗan famfo ake sa musu. Yana aiki a ƙaramin hujin ƙusa a fuskar da ke taka ƙasa. Ba ya aiki a tsagar gefe, kuma ruwan yana da ranar lalacewa a rubuce a jikin kwalbar.

A nan Hausa ta riga ta raba abu biyu da kyau, mu riƙe su: taya ta yi faci ko ta sace daban, taya ta fashe daban. A-lallaɓa an yi ta ne musamman don na farko. A fashewa tana taimakawa, domin motar ba ta faɗuwa a kan rim farat ɗaya, sitiyari ya fi riƙuwa. Amma in gefen da ke ɗauke da nauyin ne ya yage sosai, babu abin lallaɓawa. Riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka danne birki da ƙarfi, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, gangara gefe, kunna fitilun gargaɗi, mutane su fita su yi nesa da titi. Daga nan sai kiran masu taimako. Don wannan hidima ina ganin "ɗaukin kan hanya" ya fi "agajin kan hanya" dacewa, saboda kai ɗauki yana ɗauke da gaggawa. Kuma mai kira ya faɗa tun a waya cewa motar ba ta da safaya, domin a turo janwe, kada a turo mai canza taya ya zo ya tarar babu abin canzawa.

Wanda ke son sanin ko tayarsa a-lallaɓa ce, ya duba rubutun gefenta. Bridgestone yana sa RFT, Michelin ZP, Continental SSR, Goodyear ROF ko EMT, Dunlop DSST, sannan a motocin BMW ana ganin RSC.

Akwai sauran kalma ɗaya da muke buƙata, kuma a-lallaɓa ba ta da amfani in babu ita. Tun da tayar ba ta kwanciya, direba zai iya tafiya mai nisa bai san iska ta fita ba, har ya cinye kilomita 80 ɗin nan cikin rashin sani. Na'urar da ke auna iskar taya ta kunna fitila a gaban direba ce kaɗai ke sanar da shi. Amurka ta wajabta ta a sababbin ƙananan motoci daga 2007, Tarayyar Turai daga 2014. Ni na fi karkata ga "mai gadin iska". Masu faci da makanikai, ku da kuke cire ta daga jikin rim kullum, me kuke ce mata a wurin aiki?