Jama'a, me za mu kira pothole da Hausa?

Salam 'yan uwa. Damina ta sauka, titi ya fara ɓarewa, ku zo mu tsayar da magana ɗaya a kan kalmar nan pothole, don a rediyo kowa da abin da yake faɗa, wannan ya ce rami, wancan ya ce gargada, direbobin Kwangila a nan Zariya kuma galof suka sani.

Abin da Bature ke nufi da ita shi ne wurin da kwalta ta ɓare ta bar rami a kan hanya. Kwalta ce za ta tsage, ruwan sama ya bi tsagar ya jiƙa jar ƙasar da ke ƙarƙashi ta yi laushi, sai tirela ko tanka ta bi ta kai da lodi, wurin ya lotsa, gefe ya riƙa gutsurewa, abin da ya fara kamar faranti kafin Agusta ta fita ya isa ya haɗiye tayar Keke Napep. In kwata ta toshe ruwa na kwana a kan titi kuwa abin ya fi sauri. Turawa kuma suna kiran kwarmin da ruwa ke ƙwaƙulewa a jikin dutsen kogi da wannan sunan, amma wannan ba shi ne damuwarmu ba.

Gargada dai ban yarda da ita ba gaskiya. Gargada halin hanya ne gaba ɗayanta, irin hanyar ƙauye da za ka hau mashin haƙoranka na kaɗawa, ba ka nuna wuri ɗaya ka ce ga gargada nan. Kwazazzabo ya yi girma, aikin zaizayar ƙasa ne. Kududdufi kuma kowa a cikin birni ya san shi, inda aka ɗebi ƙasar gini ruwa ya taru.

Galof aro ce, kuma tana haɗa komai, rami da tudu da duk abin da zai sa mota ta yi tsalle. A tasha a bar ta, ba wanda zai hana ɗan acaɓa faɗinta. Amma in za a rubuta wa FERMA (hukumar gyaran hanyoyi ta tarayya) ko KADRA (hukumar hanyoyi ta Jihar Kaduna) koke, ko a karanta labarai, ana son kalmar da za ta nuna abin da za a zo a yi wa faci.

Wani ya kawo gurbin kwalta, ta burge ni sosai don gurbi wurin da abu ya tashi ya bari ne, sai dai in ka faɗa wa mai Keke a unguwar PZ sai ya tsaya yana tunani, kafin nan ya faɗa ciki.

Ni dai na tsaya a kan ramin titi, jam'i ramukan titi. Rami kawai ya yi faɗi, akwai na ɓera akwai na shadda, amma da ka ce na titi an gane. Malaman Hausa na Samaru da ke nan, in akwai tsohuwar kalma da ta fi wannan don Allah ku kawo mana ita.