Faffaɗan diski ko injin shuka a layi? Da kuma batun girbin riɗi a Gadarif

Abu Hafsa, Gadarif:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mu 'yan'uwa ne da muka haɗa hannu muna noman dawa da riɗi da ruwan damina a kudancin Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma kayan aikinmu su ne waɗanda muka gada: tsohuwar tarakta ƙirar Massey Ferguson da faffaɗan diski mai akwatin iri a samansa, wanda shi ke kaftar ƙasa, shi kuma ke watsa iri ya rufe. Abin da ke cinye mana riba shi ne kuɗin cire ciyawa da hannu da kuɗin yankan riɗi, ga shi 'yan ƙwadago suna ƙaranci daidai lokacin da kowa ke nemansu. Shin ya dace mu tara kuɗi mu sayi injin da ke shuka a layi, mu jingine diski? Sannan me ya sa injin girbi yake shiga gonar dawa ya fito da hatsi tsaf, amma har yau riɗi sai an sa lauje?

Usta Ɗan Madani:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin a zagi diski, ya kamata a san dalilin zamansa. Noman inji da ruwan sama ya fara ne a yankin Gadambaliya kusa da ku a tsakiyar shekarun 1940, kuma ƙasar wurin baƙar laka ce, wadda idan ta bushe sai ta tsage ta yi tauri, idan ta sha ruwa kuma ta yi danƙon da tarakta ba ta iya shiga. Kwanakin aiki tsakanin waɗannan halaye biyu kaɗan ne, saboda haka injin da zai kashe ciyawar farko ya kuma shuka a zagaye ɗaya ya dace da bukatar mutanen wancan lokaci. Illarsa ita ce iri yana faɗawa inda ya ga dama, wani a bisa ƙasa tsuntsu ya tsince, wani ya nutse har ya kasa fitowa, kuma tun da babu layi, babu injin da zai bi tsakanin shuka ya nome ciyawa. Haka nan idan aka shekara da shekaru ana kafta a zurfi ɗaya, ƙasan wurin yakan daskare ya hana ruwa da saiwa wucewa.

Injin shuka a layi tsohuwar dabara ce, domin Jethro Tull ya ƙera nasa a Ingila tun 1701. Gyaran da ya fi burge ni ƙarami ne a ido: a 1974 kamfanin John Deere ya fito da injin da aka sa wa tayoyin auna zurfi a gefen faifan da ke tsaga ƙasa, maimakon can baya, don haka ana auna zurfin ne daidai inda ƙwayar iri ke sauka, ko da filin yana da tudu da kwari. Idan za ku saya, ku duba wannan, ku duba farantin da ke ƙirga iri ko ramukansa sun dace da dawa da riɗi, ku kuma tabbatar akwai ƙarfen da ke kankare laka daga faifan.

Wani abu da ake mantawa shi ne taraktar kanta. Diski jansa ake yi kawai, amma yawancin ƙananan injinan shuka ɗaga su ake yi da hannuwa uku na bayan tarakta, dabarar Harry Ferguson da ta shiga kasuwa sosai da taraktar Ford 9N a 1939. Ina yawan ganin taraktocin da famfon haidurolik ɗinsu, wanda ke ɗaga waɗannan hannuwa, ya mutu ba tare da mai ita ya sani ba, domin bai taɓa bukatarsa ba. Ku gwada naku kafin ku kai kuɗinku kasuwa.

Injiniya Ummu Yasir, Kassala:

Baba Usta ya gama da ɓangaren shuka, ni zan taɓa na riɗi. Malam Abu Hafsa, matsalar tana jikin tsiron ne fiye da jikin injin. Kwanson riɗi yana fara nuna daga ƙasa zuwa sama, kuma da zarar ya bushe sai ya buɗe baki ya zubar da ƙwaya, saboda haka kafin na sama ya nuna na ƙasa ya riga ya watse. Shi ya sa ake yanka shi da sauran ɗanye, a ɗaure dami-dami a jingine ya bushe, sannan a kifa a kakkaɓe a kan leda. Injin girbi kuwa busasshiyar shuka yake so a tsaye, kuma taɓawar farko da zai yi mata ta isa ta zubar da abin da ya rage.

Dawa ma ba ta shiga inji ba sai da aka sauya ta. A Amurka sai da masu bincike suka fitar da gajerun nau'o'i masu tsayi bai ɗaya, irin Wheatland a 1931, kafin injin girbi ya iya tsinke zangarniya ba tare da ya shaƙe da kara ba. Mu ma a nan nau'o'in dawa na Tabat da Wad Ahmed, waɗanda suka fito daga hukumar binciken noma ta Wad Madani, sun fi doguwar dawar gargajiya sauƙin girbi da inji. A ɓangaren riɗi, wani mai bincike, Derald Langham, ya gano wani tsiro da kwansonsa ba ya buɗewa a Benezuwela a 1943, sai dai shi kuma ya rufe ƙwarai har sussukarsa tana farfasa ƙwaya, kuma an ɗauki shekaru da dama kafin kamfanin Sesaco a Texas ya samar da nau'in da ke riƙe ƙwayarsa a gona ya sake ta a cikin inji.

Da irin da kuke da shi yanzu, abin da ya dace shi ne injin yanka da ɗauri, irin wanda kamfanin BCS na Italiya ke ƙerawa: yana yankewa ya ɗaure da igiya ya ajiye, mutane su bi baya su jingine. Shi ma ya fi aiki a gonar da aka shuka a layi, wadda tsayin shukarta ya zo ɗaya, don haka tambayoyinka biyu a haɗe suke. Idan kuma za a zuba busasshen dami a injin sussuka, a rage gudun gangar da ƙarfin fanka, a toshe duk wata kafa, domin riɗi yana zurara kamar ruwa, kuma ƙwayar da ta fashe manta yakan lalace farashinta ya faɗi.

Alhaji na Maiwurno:

Duk abin da Usta da 'yata Injiniya suka faɗa gaskiya ne, amma ban yarda ku sayar da diski a wannan hali ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan gyara sun yi wuya, man tarakta ya yi tsada, kuma injin da farantinsa ɗaya zai karye a tsakiyar Yuli ku rasa madadinsa ya fi rashin inji illa, alhali diski kowane mai walda a kasuwa ya san ciwonsa. Na ga wani maƙeri ya toshe wasu daga cikin kafofin akwatin iri, ya sa wa sauran bututu da ke kai iri bayan faifai, sai shuka ta fito a jere, ba kamar ta injin kamfani ba, amma ta isa a bi tsakaninta da garmar noma. Ku fara da wannan a faddan (wato kimanin eka) kaɗan ku ga bambancin kuɗin ciyawa. Ku kuma tuna cewa noma ba tare da kafta ba, wanda aka gwada a Agadi ta jihar Nilu Shuɗi a farkon shekarun 2000, ya dogara ne da maganin ciyawa da injin feshi da taki, ba injin shuka kaɗai ba, kuma duk waɗannan kuɗi ne da ake kashewa kowace shekara.

Abu Hafsa, Gadarif:

Allah ya saka da alheri, iyayena. Baba Usta, idan muka bi shawarar Alhaji muka sa bututu, yaya za mu hana riɗi zuba da yawa, tun da ƙwayarsa ƙanana ce?

Usta Ɗan Madani:

Ku gauraya shi da busasshen yashi da aka tankaɗe, ku riƙa motsa shi saboda girgizar tafiya tana raba su. Kafin ku shiga gona ku ɗaura ƙananan buhuna a bakin kowane bututu, ku ja tarakta a gudun aiki tsawon mita 100, sannan ku auna abin da kowanne ya zubar. Wanda ya fi sauran sai a matse kafarsa, a sake gwadawa har su daidaita.