Wane irin batir ne a jikin Voyager da ya doshi shekara hamsin bai mutu ba?

Mai Sola Rikkos:

Assalamu alaikum. Sana'ata haɗa sola a nan Jos, shekara tara ke nan ina hawa rufin mutane. Jiya na je Unguwar Rogo canza wa wata hajiya batura biyu, waɗanda ni da hannuna na saka su, ko shekara uku ba su cika ba sun daina riƙe caji. Na dawo gida raina a jagule, sai ɗana da ke sakandare ya miƙo mini waya. Wai akwai wani kumbo, Voyager 1, da Amurka ta harba ranar 5 ga Satumba 1977, babu mutum ko ɗaya a ciki, kuma har yanzu yana aiko da saƙo. A shekarar ko haifata ba a yi ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Na san inda ya kai rana ba ta da ƙarfin da faranti zai ja wuta. To da me yake aiki? In kuma ya lalace, wa ke gyara shi? Yaron ya tambaye ni, na ce ya ba ni kwana biyu. Ba na son in faɗa masa abin da ban sani ba.

Tsohon Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa yaron nan albarka. Ƙanena, ba batir ba ne, kuma ba sola ba ce. Wani sinadari ne ake kira fulutoniyom-238, wanda yake fitar da zafi da kansa yayin da yake zagwanyewa a hankali, sai ya yi shekara kusan 88 kafin rabinsa ya tafi. An kewaye shi da wasu 'yan ƙarafa, gefe ɗaya na shan wannan zafi, ɗaya gefen na fuskantar sanyin sararin samaniya. Bambancin zafi da sanyin nan shi ke haifar da lantarki. Ba abin da ke juyawa a ciki, ba ruwan batir da zai ƙafe.

Amma shi ma yana tsufa. Ya tashi da wat kusan 470, kowace shekara yana rasa kamar wat 4. Don haka masu kula da shi suke yin abin da kake gaya wa kwastomominka: a rage lodi. Kyamarorinsa tun 1990 aka kashe su, bayan ya waiwayo ya ɗauki duniyarmu daga nisan kilomita biliyan 6, ta fito kamar ƙwayar gero.

Ni dai ɗan uwansa Voyager 2 ya fi burge ni. Ya ratsa ta Jufita a 1979, Satun a 1981, Yuranus a 1986, Neftun a 1989. Kowace ya je kusa da ita, ƙarfin janta ya wurga shi gaba kamar dutse a majajjawa. Jeruwar duniyoyin nan haka sai bayan kusan shekara 175 take dawowa, kuma har yau ba wani kumbo da ya sake zuwa biyun ƙarshen.

Maman Ilham, Abuja:

Baba ya gama da batun wuta, ni bari in taɓa gyara, tunda aikina rubuta manhaja ne. A Nuwamba 2023 Voyager 1 ya fara aiko da shirme, lambobi marasa ma'ana. Wani ɗan guntu a ma'ajiyar kwamfutarsa ne ya mutu. Daga nan ƙasa injiniyoyi suka rarraba umarnin da ke cikin guntun, suka cusa shi a sauran wuraren da ke da lafiya, a Afrilu 2024 ya dawo hayyacinsa. Malam, ka duba fa: a lokacin saƙo kan yi kusan awa 23 kafin ya isa, amsa ma haka. Ka aika yau Litinin, sai Laraba ka san ko ka gyara ko ka ɓata. Manyan faifan da ke sauraronsa suna Kalifoniya, da kusa da Madrid, da Kanbera, faɗin babba mita 70.

Mai Sola Rikkos:

Baba, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa yaron sau biyu. To ba a taɓa tura kumbo mai aiki da sola ba ke nan?

Tsohon Malamin Kimiyya:

An tura, da yawa. Wanda zai fi shiga ranka shi ne Opportunity, wata 'yar mota da ta sauka a duniyar Mas a Janairu 2004. Kwana 90 aka ɗiba mata, ta yi shekara goma sha huɗu tana yawo. A Yuni 2018 guguwar ƙura ta rufe sama, rana ta ɓace, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Mai Sola Rikkos:

Wallahi Baba wannan na gane shi sarai. Da hunturu ina hawa rufi in tarar da faranti ya yi fari fat, in ja yatsa a kai layi ya fito, mai gida kuma yana ƙasa yana cewa batir ne ya lalace. Tsumma da ruwa rabin bokiti, sai ka ga allurar caji ta ɗaga. Ita kuwa shekara goma sha huɗu ba mai share mata. Na yi shiru na jima ina tunanin wannan motar.

Ranar Asabar ina da wankin faranti a Bukuru, zan tafi da yaron ya riƙe mita ya ga bambancin da idonsa. Ya kuma ce in tambaya: Zara matar wata da muke gani kusa da jinjirin wata, ita ma an taɓa sauka a kanta?

Maman Ilham, Abuja:

An sauka, ka gaya masa. Tarayyar Sobiyet ce ta yi, da Venera 7 a Disamba 1970. Zafin wurin ya haura digiri 450, yana narkar da dalma. Minti 23 kumbon ya yi yana aiko da saƙo daga doron ƙasarta kafin ya yi shiru.